Ga ƙaninmu mai shirin zuwa Saudiyya karatun injiniya: yadda ake zana giraf ba tare da teburin lambobi ba

Assalamu alaikum ƙaninmu. Saƙonka ya iso, kuma muna taya ka murnar gurbin karatun da ka samu, Allah ya sa albarka. Ka ce ka duba manhajar lissafi ta shekarar share fage ka tarar da darasin zana giraf ta hanyar sauya fasalin fankshan na asali, alhali kai abin da ka iya tun sakandare shi ne ka cika tebur da lambobi, ka ɗiga su a takardar giraf, ka bi su da fensir. Kana tambaya ko hakan zai wadatar.

Gaskiya ba zai wadatar ba. Hanyar tebur ta dace da jarrabawar WAEC, inda ake ba ka ma'auni, a ce santimita 2 ga kowane ɗaya, a kuma ba ka lokaci. A nan kuwa, jami'o'i irin su Jami'ar Sarki Fahd da ke Dahran, da ta Sarki Sa'ud a Riyad, da ta Sarki Abdul'aziz a Jidda, suna fara ɗaliban kimiyya da injiniya da lissafin share fagen kalkulas, kuma 'yan ƙasa da za ka zauna aji ɗaya da su sun riga sun yi wannan darasi a sakandare. A littafinsu ana kiran fankshan da dalla, na asalin kuma ana ce masa uwa. Malami zai ɗauka kowa ya san shi, ya wuce da sauri. Gara ka shigo da shi a hannu.

Abin da za ka fara haddacewa kaɗan ne: siffofi shida da 'yan ɗigo kaɗan na kowace. y = x² kamar ƙwarya ce da aka ajiye bakinta sama, tana bi ta (0,0), (1,1), (−1,1), (2,4). y = x³ tana bi ta (−1,−1), (0,0), (1,1), ta ɗan kwanta a tsakiya kafin ta miƙe. y = √x tana farawa daga (0,0) ta bi (1,1), (4,2), (9,3), kuma ba ta da komai a hagu. y = |x| harafin V ce mai tsini a (0,0). y = 1/x reshe biyu ce, ɗaya ta (1,1), ɗaya ta (−1,−1), tana kusantar layin x da layin y amma ba ta taɓa su. y = 2ˣ tana bi ta (−1,½), (0,1), (1,2). Idan aka tashe ka daga barci aka ce zana ɗaya, ya kamata hannunka ya zana kafin ka gama wartsakewa.

Duk sauran abin da za a tambaye ka yana cikin wannan tsari guda: y = a·f(b(x − h)) + k. A nan f ita ce uwar, wato ɗaya daga cikin siffofin nan shida. Haruffa huɗu ne za ka lura da su, biyu a wajen baka, biyu a ciki. Na waje, wato a da k, tsayi suke taɓawa, kuma suna yin daidai abin da ido ya gani. Idan k 5 ne, giraf ya hau sama da 5. Idan a 2 ne, kowane tsayi ya ninka biyu. Idan a yana ɗauke da alamar debewa, giraf ya kife, na sama ya koma ƙasa. Na ciki kuwa, b da h, gefe suke taɓawa, kuma akasin abin da ido ya gani suke yi. A nan gizo yake saƙar, kuma a nan ne mafi yawan maki ke zubewa.

Kada ka haddace wannan akasin a makance, dalilinsa a fili yake. Duba y = (x − 3)². Gindin ƙwaryar yana wurin da abin da ke cikin baka ya zama sifiri. A y = x² hakan na faruwa ne a x = 0. Yanzu da aka debe 3, sai x ya kai 3 kafin cikin baka ya zama sifiri, don haka gindin ya matsa dama, ba hagu ba, duk da alamar debewa da kake gani. Haka ma f(2x): tun da ana ninka x kafin ya shiga, rabin tafiya kawai yake bukata ya kai inda yake kaiwa a da, sai giraf ya matse zuwa rabin faɗinsa. Duk lokacin da ka rikice, tambayi kanka: wane x ne zai mayar da cikin baka sifiri? Amsar ita ce h.

Daga nan aikin ya zama na ɗaukar ɗigo daga wuri zuwa wuri. Kowane ɗigo (x, y) na uwa yana komawa (x/b + h, a·y + k). Mu gwada da y = −2(x − 3)² + 5. A nan a = −2, b = 1, h = 3, k = 5. Ɗigon (0,0) ya koma (3,5). (1,1) ya koma (4,3), domin −2 sau 1 a tara da 5 ya ba da 3. (−1,1) ya koma (2,3). (2,4) ya koma (5,−3). Ɗigo huɗu, ka samu ƙwarya kifaffiya mai ƙoƙuwa a (3,5), wadda ta fi uwarta tsukewa. Lura da jerin aikin: ninkawa kafin tarawa. Wanda ya fara hawa da 5 sannan ya ninka da −2 zai kai ƙoƙuwar −10, ya zana giraf mai kyan gani na wani fankshan dabam. Kafin ka ɗaga fensir, ɗauki ɗigo guda ka mayar cikin tambayar: x = 5 ya ba da −2 sau 4 a tara da 5, wato −3. Ya yi daidai. Wannan dubawar ba ta kai daƙiƙa goma ba, kada ka taɓa barinta.

Tarkon da ya fi kama ɗalibai shi ne lokacin da b ya ɓuya. A ba ka y = √(2x + 6), ido ya ga 6, hannu ya yi sauri ya kai mafarin giraf −6. Sa −6 ɗin a ciki ka gani: −12 a tara da 6 ya ba da −6, kuma lamba mai debewa ba ta da tushe a lambobin da muke aiki da su. Ashe ma wurin ba ya cikin giraf ɗin. Abin yi shi ne ka fara fitar da 2 waje: √(2(x + 3)). Yanzu ga b = 2, ga h = −3. (0,0) ya koma (−3,0), (1,1) ya koma (−2½,1), (4,2) ya koma (−1,2). Gwada na ƙarshen: 2 sau −1 a tara da 6 ya ba da 4, tushensa 2. Shi ke nan.

Ƙanensa shi ne y = √(4 − x). Sake rubuta shi ya zama √(−(x − 4)). b ya zama −1, wato an juya giraf ɗin dama ta koma hagu, sannan aka matsar da shi dama da 4. Yana farawa daga (4,0) ya nufi hagu ta (3,1) da (0,2). Lambobin da x zai iya ɗauka, abin da malaman nan ke kira majal, su ne 4 da abin da ke ƙasa da shi. Kada ka haɗa wannan da −√x, wanda ke tafiya dama amma a ƙarƙashin layin x. Debewar ciki tana juya gefe, ta waje tana kifewa.

Sau da yawa ba za a miƙo maka tambayar a shirye ba, sai ka gyara ta da kanka. y = 2x² + 8x + 3 ba ta nuna h da k ba sai ka cika murabba'i. Fitar da 2 daga biyun farko: 2(x² + 4x) + 3. Rabin 4 shi ne 2, murabba'insa 4, sai ka ƙara 4 a cikin baka. Amma wannan 4 ɗin yana ƙarƙashin ninkin 2, don haka 8 ka ƙara a zahiri, kuma 8 za ka debe a waje: 2(x + 2)² − 5. Gindi yana (−2,−5). Wanda ya debe 4 zai samu −1, kuma a jarrabawar zaɓi-ɗaya irin wannan amsar ce ake jerawa kusa da ta gaskiya.

Haka abin yake ga y = (2x + 1)/(x − 1). Da ganinta ba ta yi kama da kowace uwa ba, amma 2x + 1 daidai yake da 2(x − 1) + 3, don haka fankshan ɗin 2 + 3/(x − 1) ne, wato 1/x da aka ninka tsayinsa uku, aka matsar dama da 1, aka ɗaga da 2. A irin wannan, fara da layukan da giraf ke kusanta ba ya taɓawa, ka ja su da ɗigo-ɗigo: na tsaye ya koma x = 1, na kwance ya koma y = 2. Sannan (1,1) ya koma (2,5), (−1,−1) ya koma (0,−1). Wanda ya matsar da ɗigo ya bar layukan a tsohon wurinsu, rassansa za su lanƙwasa inda bai kamata ba. Ka'idar ɗaya ce ga 2ˣ − 3: layin kwancen ya sauka daga y = 0 zuwa y = −3.

Akwai kuma |f(x)| da f(|x|), waɗanda littafin sakandaren nan ya kawo. A na farko, duk abin da ke ƙarƙashin layin x ka naɗo shi sama: |x² − 4| gindinsa da ke (0,−4) ya dawo (0,4), siffar ta zama kamar W. A na biyu, goge ɓangaren hagu gaba ɗaya, ka kwafi na dama ka juya shi can.

Idan aka iso sin da cos, babu sabuwar ka'ida, sai dai ma'aunin kusurwa ya tashi daga digiri ya koma radiyan, inda π yake daidai da digiri 180. sin(2x − π) ka fitar da 2 ya zama sin(2(x − π/2)): matsawar dama π/2 ce, kuma zagaye ɗaya yana cika a π maimakon 2π.

Game da harshe, darussan injiniya galibi da Turanci ake yi, amma malami na iya juyawa Larabci idan bayani ya yi zafi, abokan karatunka ma haka. Riƙe waɗannan: insihab ko izaha shi ne matsarwa, in'ikas juyawa, tamaddud miƙewa ko matsewa, mada kuma lambobin da y ke iya kaiwa. Malaman da suka taso a Sudan ko Masar wani lokaci sukan rubuta س a madadin x, ص a madadin y. Ka kuma kula da lambobin Larabci idan ka ci karo da su a allo: ٥ mai kama da sifiri biyar ce, sifirin kuwa ɗigo ne kawai.

Zangon karatu yakan fara ne wajen ƙarshen Agusta, don haka yi amfani da kwanakin jiran biza. Kullum ɗauki tambaya biyar, ka zana da hannu a farar takarda marar layi, ba kalkuleta, sannan ka buɗe Desmos ko GeoGebra a waya, duka kyauta ne, ka rubuta fankshan ɗin ka kwatanta. Idan ba su yi daidai ba, kada ka goge nan take, nemo harafin da ya yaudare ka cikin huɗun. Fara yau da y = −|x + 2| + 3, da y = 1/(x + 4) − 1, da y = √(3x − 9) + 2. Ta farko tsininta yana (−2,3) yana kallon sama, ƙafafunta na yanka layin x a −5 da 1. Ta biyu layukanta x = −4 da y = −1. Ta uku tana farawa daga (3,2). Idan taka ta fara daga 9, koma kan misalin √(2x + 6) ka sake bin sa a hankali, sannan ka turo mana hoton takardar mu duba tare.