Amsa ga tambayar ko matasan Yamai sun bar karatu

Malam, ka yi tambaya ko matasan yanzu sun bar karatu idan aka kwatanta su da iyayensu. A ganina ba su bar shi ba, tsawon zaman da ake yi da rubutu guda ne ya ragu.

Kakanninmu sun yi karatun allo, suna maimaita littafi ɗaya a gaban malami har su haddace shi, kuma sun bar mana rubuce-rubucen Larabci da Ajami masu yawa, waɗanda Boubou Hama, marubuci kuma masanin tarihi ɗan Nijar, ya fara tattarawa, ake kuma adana su a IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni. Iyayenmu da suka shiga lakwal sun saba da jaridar Le Sahel, kwafi guda yana zagaya ofis gaba ɗaya saboda tsadar takarda.

Matasa kuwa suna karatu kullum a salula, sai dai gajerun saƙonnin WhatsApp da Facebook ne, sau da yawa ma saƙon murya ya maye gurbinsu, wannan ne yake damuna ƙwarai. Idan ƙannenka kake nufi, ka kai su ɗakin karatu na cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, su zaɓi littafi da kansu.