Amsa ga ɗan'uwan da iska ta tsare kwana shida a tasha

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka sau biyu, wallahi sai da zuciyata ta sosu. Ka ce kwana shida ke nan kuna ɗaure da jirginku mai ƙyallen iska a tashar jiragen ruwa, hutunka ya kusa ƙarewa, abokan tafiya sun fara gunaguni, ga hasashen yanayi ya nuna iska za ta lafa na awa goma sha biyu gobe, shin ku fita? Na taɓa tsayawa daidai inda kake tsaye, kuma na fita.

Mu a Porto, a gaɓar tekun Portugal, iska ta tsare mu, za mu gangara kudu. Mai jirgin ya sayi tikitin jirgin sama daga Lisbon tun kafin mu kwance igiya, kullum da safe sai ya duba kwanan wata ya yi tsaki. Rana ta biyar iska ta faɗo, ya ce a tashi. Na ce masa, mai gida, iska ta kwanta amma teku bai kwanta ba, igiyar ruwa mita uku ce, kuma tsakanin ɗaya da ɗaya daƙiƙa 14. Ya dube ni a gaban mutane ya ce in tsoro nake ji ga tashar jirgin ƙasa can. Kunya ta sa na yi shiru. Har yau wannan shirun yana ci mini rai fiye da maganarsa.

A fili tafiyar ba laifi, doguwar igiya ɗaga ka kawai take yi ta sauke. Sai da muka iso bakin Figueira da Foz da magariba muka ji a rediyo an rufe mashigar. Ka san bakin kogi ne, akwai tudun yashi a ƙasa, in doguwar igiya ta hau wuri marar zurfi miƙewa take yi ta fashe, balle ruwa yana janyewa. Da idona na ga farin kumfa ya tare ƙofar daga bango zuwa bango. Mutumin nan ya ce mu gwada! Ya ce masu rediyo tsoratarwa suke yi. Na riƙe sitiyari na ƙi saki, muna ta ihu a kan juna, ƙaramin cikinmu yana kwance yana amai har ya daina amsa kira da kyau. Ban taɓa jin ƙiyayyar mutum irin ta wannan daren ba, Allah ya yafe mini. Muka juya muka ƙara kusan mil 35 cikin duhu zuwa Nazare, wadda ba kogi a bakinta, ga rami mai zurfi a ƙarƙashin teku har kusa da ƙofa, shi ya sa take karɓar jirgi lokacin da sauran suka rufe. A hanya igiyar tarkon masunta ta naɗe mana farfela, inji ya mutu, iska kuma ta dawo kafin lokacin da aka ce. Da asuba muka shiga da ƙyalle kaɗai. Mai jirgin ko sannu bai ce wa kowa ba, ya ɗauki jakarsa ya nemi mota. Yaron nan bai sake hawa jirgi ba.

To kai, kada ka tambayi ko za ka iya fita, tambayi ko inda za ka zai buɗe maka ƙofa, in kuma ya rufe, ina ne na biyu, kuma awa nawa. Awa goma sha biyun nan, in tafiyarka ta awa goma ce, ba ta ishe ka ba. Iskar da aka yi hasashe kan zo da wuri. Ka duba baromita, ma'aunin nauyin iska, da kanka, in tana faɗuwa da sauri ka zauna. Ka kuma lura lambar gudun iska da masu hasashe suke bayarwa matsakaiciya ce, bugun iska kan fi ta sosai, not 20 (wato mil 20 na teku a awa) a takarda sai ka ga 28 a jirgi.

In dai kun fita, ka rage ƙyalle tun kuna cikin tasha, sakinsa ya fi naɗe shi sauƙi. Kowa da rigar ceto, a ɗaure jiki da jirgi in dare ya yi, rediyo a layi na 16, layin kiran gaggawa. Maganin jiri a sha shi kafin a tashi, in amai ya fara ba ya zama a ciki.

Masu gunagunin nan kuma, don Allah ka zaunar da su yau, ka ce duk wanda aiki ke jira ya hau mota, ba wanda zai ga laifinsa. Jirgin ma ana iya barinsa a ɗaure a dawo masa wata mai zuwa, na yi haka sau biyu tun daga lokacin. Ka faɗa mana tashar da kuke da wadda kuka nufa, da tsayin igiyar da aka ba ku na gobe, in duba tare da kai yau da dare.