Fatawa: Na Yi Feshin Kankana, Zuman Maƙwabcina Ya Mutu

Tambaya: Allah gafarta Malam, ina da garkar kankana a Jiratawa. Na yi feshin maganin ƙwari da hantsi tana cikin fure, washegari maƙwabcina ya tarar da ƙudan zumansa zube a bakin amya uku. Akwai biya a kaina?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, feshi halal ne, domin tsare dukiya ne. Amma ƙudan zuma yana da alfarma a shari'a. Sura guda ke ɗauke da sunansa, Suratun Nahli, kuma Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya hana kashe halittu huɗu, zuma na cikinsu. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma: "La darara wa la dirara", ba cuta ba cutarwa.

Ba ka nufi kisa ba, don haka ba ka da zunubin mai ganganci. Biya kuwa ya rataya ne kan sakaci. In ka san da amyoyin kusa da kai, ka fesa kan buɗaɗɗen fure da hantsi, lokacin da zuma ke kiwo, ba ka gaya wa mai su ba, ka yi sakaci, sai ka biya. In ba ka san da su ba, ko ka sanar da shi ya share, ba komai a kanka.

Sai dai a tabbatar maganin ne. Guba tana zubar da zuma tuli guda a dare ɗaya, wasu na makyarkyata, harshe waje. Amyar da aka tarar wayam ba gawa, ko saƙarta ta cika da tsutsa da yana, wannan ƙaura ce ko ciwo, ba aikinka ba ne. Ku kira masana zuma biyu su duba, su yi ƙima, sulhu ya fi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kanka ka fara cuta. Kankana furen namiji daban, na mace daban, kuma na macen safiya ɗaya yake buɗewa. In zuma bai kai masa garin fure sau da yawa a wannan safiyar ba, ɗan ya zube ko ya fito a karkace. Kabewa ma haka take.

Nan gaba ka bari sai gab da magariba, zuma ya koma gida, iska ta kwanta. Ka sanar da masu amya tun jajibiri, har waɗanda ke nesa, domin zuma na tafiyar kilomita 2 zuwa 3 neman abinci. Kada ka wuce awon da ke jikin kwalba, kada ka wanke famfon feshi a inda yake shan ruwa. Maganin da ke shiga jikin shuka, irin imidacloprid, yana kaiwa har cikin ruwan fure, feshin yamma ba ya kawar da haɗarinsa. Ka guje shi muddin akwai fure. In ruwan ƴaƴan dogon yaro zai wadatar, fara da shi.

Wallahu a'alam.