Lambar ragin otal da ba taka ba: abin da ya same ni

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce yayanka da ke aiki a wata ONG, wato ƙungiya mai zaman kanta, ya ba ka lambarsu ta ragin kuɗin ɗakin otal, kana son ka sauke baƙin biki da ita, kana tambaya ko da laifi. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, domin ramin da na faɗa ke nan.

Disambar 2018 ne, lokacin Zinder Sabuwa, wato bikin ranar Jamhuriyar Nijar da aka yi a Zinder. Kun dai tuna yadda garin ya cika, ko ɗakin ajiye kaya sai an yi rububinsa. Ɗaurin auren ƙanwata ya faɗo a makon, kawunmu ya taso daga Yamai, kusan kilomita 900 a mota. Wani abokina tun na ƙuruciya, wanda muka taso tare a Birni, shi ya ba ni lambar ma'aikatarsu da bakinsa, ya ce ɗakin jikka 35 zai dawo 25, kowa haka yake yi. Na kama ɗakin ta waya.

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare muka isa. Yaron resepsiyon ya ce in kawo katin aiki ko takardar misiyo, wadda ke nuna ma'aikata ce ta turo ni. Ba ni da ko ɗaya. Kawu yana tsaye, ƙafafunsa sun kumbura saboda zaman mota, yana riƙe da butarsa. Na kira abokin nan, na buɗe muryar wayar don yaron ya ji. Sai ya ce, "Wace lamba? Ni ban san zancen ba." A gaban Kawu! Mutumin da na kwana asibiti saboda shi lokacin da mahaifiyarsa ba ta da lafiya. Na san tsoron aikinsa ya ji, amma ko saƙo bai turo mini ba washegari, kuma har yau bai ce in yi haƙuri ba. Kawu bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Biya su kuɗinsu, ɗana." Shirun da ya yi a cikin ɗakin ya fi mini zafi. Kuɗin goron ɗaurin aure na taɓa na cika.

Don Allah kada ka yi. Lambar nan yarjejeniya ce: ma'aikata na kawo wa masu otal baƙi duk shekara, su kuma su rage mata. In ka ce kai nasu ne alhali ba kai ba ne, algus ne, kuma yayanka ka jefa, domin sunan ma'aikatarsu ne zai fito a faktir, wato takardar lissafin kuɗin. Ragin da otal ta sa a Facebook don kowa, wannan kam ci abinka.

Kuma ciniki ai ba kunya ba ne. Taka da ƙafarka, ka nemi mai kula da otal ɗin, yaron gaba ba shi da ikon rage ko dala. Faɗa masa ɗaki nawa, kwana nawa, abans, wato kuɗin da za ka fara bayarwa, yana hannunka. Ka ce a cire karin kumallo, ai daga gidan biki za a kai musu. Ka tambaya in wuta ta ɗauke ko gurup ɗinsu, wato janareta, yana ɗaukar kilim mai sanyaya ɗaki, kar ka biya kuɗin sanyi su kwana cikin zufa. In bikin ya zo daf da Sallah, ka je da wuri sosai.

Ni ma wani lokaci ina tunani, yaushe muka fara kai kawunnanmu otal? Da, maƙwabci ke share ɗakinsa ya ba baƙonka. Tambayi ƴan unguwarku tukuna.

Duk abin da kuka shirya, mai kula da otal ɗin ya rubuto maka a WhatsApp, kuma ka karɓi resi, shaidar biyan kuɗi.