Ku Tambaya Mu Amsa: Mai Son Shiru da Gajiyar Tafiya

Assalamu alaikum. Ni mace ce shiru-shiru, ba na son hayaniya. Duk lokacin da aka tura mu taron aiki na kwana huɗu ko biyar, tun a rana ta biyu kaina yake fara ciwo, raina ya riƙa ɓaci babu dalili, in ji ba na son ganin kowa. Abokan aiki sun ce girman kai ne. Ko wata cuta ce ke damuna?
*Daga wata mai karatu*

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Bisa abin da kika bayyana, wannan ba cuta ba ce, kuma ba girman kai ba ne. Hali ne da masana suka daɗe da saninsa. Tun a 1921 Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, ya bambanta masu samun natsuwa a kaɗaici da masu samunta cikin jama'a. A shekarun 1960 kuma Hans Eysenck a Ingila ya kawo bayanin cewa ƙwaƙwalwar mai irin halinki dama a farke take, saboda haka surutu da sababbin fuskoki kan yi mata yawa da wuri.

A gida kina samun hutu ba tare da kin lura ba: hanyar dawowa daga aiki, ɗan zaman da kike yi ke kaɗai kafin barci. Tafiya ce ke ƙwace miki waɗannan. Ana karyawa tare, a yi taro tare, a fita da dare tare, wani lokaci ma ɗaki ɗaya. Maganin shi ne ki saka lokacin shirunki cikin jadawalin tafiyar tun kafin ki tashi, yadda kike saka lokacin shiga mota. Kullum ki ware minti 20 zuwa 30 da tsakar rana, da awa ɗaya da dare. In ana bayar da ɗaki na mutum ɗaya, ki nema tun lokacin da ake kama masauki. Ranar isa ya yi latti.

Babban kuskuren da ake yi shi ne sulalewa ba sallama. Nan ne maganar girman kai ke samo asali, domin wanda bai san dalili ba zai ƙirƙiro nasa. Tun ranar farko, kina cikin fara'a, ki gaya musu: "Ni in na yi wuni cikin mutane sai na ɗan keɓe awa ɗaya, kada ku ɗauka wani abu ne ya faru." Sannan ki zaɓi inda za a gan ki. Ki je cin abincin daren farko da na ƙarshe, ki nemi uzuri a na tsakiya.

Abubuwa uku kan lalata hutun. Na farko waya: in kin shige ɗaki kina amsa saƙonnin WhatsApp, har yanzu cikin mutane kike. Na biyu barcin rana da ya wuce minti 30, wanda kan sa a tashi da nauyin kai. Na uku kofi ko shayi mai ƙarfi da yamma, domin bayan awa biyar kusan rabin sinadarin caffeine da ke cikinsa na nan a jiki, ya hana barcin dare, gobe kuma haƙuri ya ragu. Ki kuma yawaita shan ruwa, ƙishirwa kaɗai na kawo ciwon kai.

Sai dai ki bambanta gajiya da tsoro. Idan kafin shiga mutane gabanki na faɗuwa, gumi ya keto miki, kina fargabar za a yi miki dariya, har kina gudun taro saboda haka tsawon wata shida ko fiye, to wannan matsala ce ta daban, kuma ana maganinta. Ki ga likita.

Malam, zan yi tafiyar awa tara a jirgin sama ni kaɗai. Abin da ke damuna shi ne cunkoson filin jirgi da maƙwabcin kujera mai surutu. Ba na son in wulaƙanta kowa. Yaya zan yi?
*Daga wani mai karatu*

Ɗan'uwa, rabin aikin a gida ake gama shi. Yawancin kamfanonin jirgi kan buɗe rajistar shiga ta intanet awa 24 kafin tashi. Ka yi ta da wuri ka zaɓi kujera, ka ajiye katin shiga a waya. Ka isa filin jirgi awa uku kafin tashi idan ƙetare za ka, domin gaggawa cikin cunkoso ta fi cunkoson kansa gajiyarwa. Turare da man shafawa na jakar hannu kada kwalba ta wuce mililita 100, don kada a tsayar da kai a wurin bincike. Da ka wuce, kada ka zauna a bakin ƙofar jirginku inda kowa ya taru. Nemi ƙofa ta kusa da babu jirgin da zai tashi, amma inda kake ganin allon sanarwa, saboda ana sauya ƙofa.

Kujerar taga ta fi dacewa da kai, tunda gefe ɗaya kawai kake da maƙwabci, ba kuma mai tashe ka don ya wuce. Illarta ita ce jin nauyin mutane kan sa a ƙi tashi, dogon zama kuwa na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Duk bayan awa biyu ka nemi hanya ka taka, a zaune ma ka riƙa motsa idon sawu.

Abin kunne na lantarki mai rage ƙara ya fi tasiri a kan rugugin inji, muryar mutum kan ratsa shi. Toshin kunne na soso ya fi tare murya, amma sai an murza shi ya zama siriri, a ja kunne sama, a zura, a riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura. Wanda aka cusa haka kawai faɗowa yake yi.

Shi kuma maƙwabci, ka gaishe shi tun zamanku, ku taɓa hira ta minti biyu, sannan ka ce, "Bari in ɗan runtsa, Allah ya sauke mu lafiya." Wanda aka gaisar ba ya jin an share shi.

Maigidana in ya dawo daga tafiya sai ya wuni a ɗaki ba ya magana, alhali ni na ƙagu mu yi hira. Ko laifi na yi masa?
*Daga wata uwargida*

Uwargida, in dama can shi mai shiru ne, kuma washegari ya saki jiki kamar kullum, to gajiyar mutane ce, babu laifinki. In ya ƙetara ƙasashe masu bambancin lokaci, jiki kan ɗauki kusan kwana ɗaya kan kowace awa ta bambanci kafin ya daidaita. Ku yi maganar a ranar da yake cikin walwala, ku tsayar da tsari: in ya dawo ku gaisa ku zauna minti 15, ya shiga ya huta awa biyu ko uku, doguwar hira da baƙi su jira gobe. Ke ma kina da haƙƙi a nan, don haka shi ne zai faɗi lokacin da zai fito, ya kuma cika. Idan shirun ya kai mako biyu, ga rashin cin abinci ko rashin barci, ki lallaɓa shi ku je asibiti.