Haske zai iya nuna mini furotin ya kama DNA?

Tambaya: Malam, ina aikin digiri na biyu a nan Kano. Na haɗa DNA da wani furotin, na auna a sifektirofotomita (injin auna yawan hasken da abu ke sha), sai lambar ta tashi. Ya isa in ce sun kama juna? Daga wata ɗaliba a Kabuga.

Amsa: Bai isa ba tukuna, Malama. DNA ta fi shan haske mai tsawon zango nanomita 260, furotin kuma a 280, saboda tiriftofan da tairosin, wasu daga cikin tubalan da suka gina shi. Tazarar kaɗan ce, kowanne yana shiga gonar ɗan'uwansa. Ko ba su kula juna ba lambar za ta tashi, kamar yadda ruwan karofin Ƙofar Mata ke ƙara duhu in an ƙara baba. Ki auna kowanne shi kaɗai, ki tara, ki gwada da na haɗin. Bambancin shi ne abin dubawa, kuma yakan zama ɗan mitsitsi.

Ni na fi yarda da ƙyallin tiriftofan. In aka haska shi a 295, yakan mayar da haske tsakanin 330 da 350, DNA kuwa kusan ba ta mayar da komai. Sai ki riƙa ɗiga DNA kaɗan-kaɗan kina lura. In ƙyallin yana raguwa har ya tsaya cak, alama ce guraben kamun sun cika. Haka wani furotin mai suna SSB na ƙwayar bakteriyar E. coli yake yi da DNA mai igiya ɗaya.

Amma ga inda ɗalibai ke zamewa: DNA da kanta tana ɗan tare hasken kafin ya isa furotin, sai ƙyalli ya ragu ba tare da an kama komai ba. Maimaita gwajin da tiriftofan zalla, ki cire abin da ya ragu a can. Sannan ki ƙara gishiri. Fosfet ɗin da ke jikin DNA da tubalan furotin masu suna laisin da arjinin cajin lantarkinsu ne ke jan juna, don haka kamun gaske yakan yi sako-sako in gishiri ya yi yawa.

Akwai kuma dabarar FRET, inda wani rini mai ƙyalli ke miƙa wa wani makamashi in sun kusanci juna, wadda Theodor Förster ya shimfiɗa lissafinta a 1948. Tana auna tazarar nanomita 1 zuwa 10, sai dai tana bukatar rini biyu masu tsada, ɗaya a jikin furotin, ɗaya a jikin DNA.

Kwalbar awon ta zama ta kwaz (quartz, wani dutse mai kama da gilashi), domin gilashi yana shanye hasken 260. Lokacin hunturu ki rufe ta ruf, ƙura tana warwatsa haske ta ɓata karatu. In wuta ta ɗauke ta dawo, bar fitilar injin ta yi ɗumi, ki sake saita sifili kafin ki ci gaba.