Amsar Baffa a kan faturar riyal 340

Wa alaikumussalam ɗana Habu. Na ga saƙonka tun bayan azahar sai yanzu na samu zama, ka san ni da rubutu a waya sai a hankali. Ka ce banki sun ƙi ba ka mota ta biya wata-wata saboda tsohuwar faturar waya ta riyal 340 da ka manta tun kana jami'a, sannan kana tambaya wai me ya sa mu tsofaffi muke ɗaukar ƙaramin bashi da zafi haka, har in an yi rasuwa a tashi ana cigiyar masu bin mamaci, addini ne ko al'ada ce kawai kakanni suka taho da ita daga ƙasar Hausa.

Toh duka biyun ne. Tushen addini ne, ka je ka buɗe Baƙara aya ta 282, ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani kuma a kan rubuta bashi take. Kuma ka san hadisin mutumin da aka kawo gawarsa, Manzon Allah SAW ya tambaya ko ana binsa bashi, da aka ce eh sai ya ce ku sallaci ɗan uwanku, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya tukun ya sallace shi, dinari ne fa ƴan kaɗan ba dukiya ba. Ita kuwa cigiyar a bainar jama'a salon mutanenmu ne. A can gida a ƙofar gida ake yi kafin a ta da sallar gawa, mu nan Makka da yake Harami ake kaiwa ba ka da wannan damar, sai a zaman gaisuwa bayan magariba babban ɗa ko ƙanin mamaci ya miƙe ya ce duk mai bin wane ya same ni. Kuma ba a taɓa gado sai an gama da wannan.

Kakanka Allah ya jiƙansa, lokacin muna Shari'u Mansur, akwai mai bakala, wato ɗan kantin kayan masarufi, a bakin layinmu da daftarinsa na bashi, ranar da kuɗi suka shigo hannunsa can yake fara zuwa kafin ya sayi nama, ya tsaya sai an ja layi a kan sunansa a gabansa. Na taɓa ce masa Baba riyal 7 ne fa, ya ce ai shi ya sa, babban bashi mai shi ba zai bari ka manta ba, ƙaramin ne kunya ke hana a tambaye ka har ka mutu da shi. Bashi hanji ne yana cikin kowa, ba wanda ya ce kar a ci.

SIMAH ɗin nan da ta tare ka, wato kamfanin da ke ajiye tarihin bashin mutane a nan Saudiyya, daftarin mai bakala ne, sai dai ita ba ta san mahaifinka ba balle ta ɗaga maka ƙafa. Tun 2004 take aiki ƙarƙashin kulawar babban bankin Saudiyya, bankuna da kamfanonin waya suna kai mata labarin wanda ya biya da wanda ya yi jinkiri, makin da take ba mutum daga 300 ne zuwa 900. Ka sauke Molim, manhajarta ta waya, ka ciro rahotonka ka karanta layi-layi, in akwai abin da ba naka ba ka shigar da ƙorafi, wanda yake naka ka biya ka karɓi takardar mukhalasa, wato shaidar ka gama biya, ka adana ta kamar takardar gida. Kar ka zaci gobe da safe makin zai tashi, za a rubuta an biya amma tabon yana daɗewa, biya a kan lokaci wata bayan wata ne ke wanke shi. Kuma don Allah ka daina zagaya bankuna kana cike takarda, duk neman da ka yi yana fitowa. Sayayyar nan ta a raba maka kuɗi huɗu da ku yara kuka ɗaure wa gindi, takalmi, turare, waya, ita ma bashi ce ko an canza mata suna. Ka lissafa tun yanzu, ƙa'idar bashin da ake cira daga albashi ba ta wuce kashi 33 cikin 100 ba.

Sai wanda SIMAH ba ta gani. Zubin adashin gwaggonka Hajiya na wata biyu yana wuyanka, ba ita ta faɗa min ba, kar ka je ka yi mata fushi. Ranar da albashi ya shigo ka fara da ita da faturar nan a rana ɗaya, motar ta jira bayan Hajji. Ka turo min hoton mukhalasar in ka karɓa, ka gaida mahaifiyarka da jiki.